Ɗanku Ko 'Yarku Na Son Aikin Asibiti? Shawarwari Ga Iyaye A Ƙasar Baure

Da zarar sakamakon WAEC da NECO ya fito, sai ka ji shawara ɗaya na yawo gida-gida, daga cikin garin Baure har Babban Mutum, daga Yanduna har Garki: a kai yaron nan makarantar lafiya. Dalilin a fili yake. Karatun likita shekara shida ne a jami'a, ban da horon asibiti da bautar ƙasa, ga shi gurbinsa bai taka kara ya karya ba. Makarantar lafiya kuwa ga ta nan Daura, shekara biyu ko uku yaro ya fito da sana'a a hannu. Sai dai ƙofofin shiga aikin lafiya daga ƙasa suna da yawa, kowace da hukumar da ke ba ta lasisi, kowace da inda take kai mutum. Gidaje da dama sai sun sayi fom, kuɗi sun tafi, sannan su fara tambayar wane aiki kwas ɗin ke bayarwa. Ga abin da ya kamata a duba tun kafin a kai tunkiya kasuwa.

1. Ku fara da takardar sakamako. Kusan duk kwasa-kwasan nan kiredit biyar suke nema: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, a zama ɗaya ko biyu, ba fiye ba. A makarantunmu na karkara Kemistiri da Fiziks ne suka fi kayar da yara, saboda ƙarancin malamai da kayan gwaji. In guda ta kuɓuce, gara yaro ya sake zama, ko da jarrabawar ƙarshen shekara ce ta masu zaman kansu, da a shiga da alkawarin wani cewa "za a gyara daga baya". Hukumomin lasisi suna tantance sakamako ta intanet, kuma wanda aka kama da na jabu a shekara ta uku ya yi asarar shekarun da kuɗin gaba ɗaya. Ku kuma daidaita suna da ranar haihuwa: yadda suke a katin NIN, haka su kasance a takardar sakandare da ta JAMB. Muhammad a nan, Mamman a can, ƙaramin abu ne a gida, amma yana iya riƙe lasisi wata da watanni.

2. In yaro mai son jama'a ne, mai jure rana da ƙura, ku duba CHEW da JCHEW. Su ne waɗanda muke kira malaman asibiti, kuma a yawancin mazaɓu goma sha biyu na Baure su ne fuskar da marar lafiya ke fara gani. JCHEW shekara biyu ne, CHEW uku, kodayake wasu makarantu sun koma tsarin ND da HND ta hanyar JAMB. Hukumar da ke yi musu rajista ita ce CHPRBN, wadda doka mai lamba 61 ta 1992 ta kafa, a zamanin da ministan lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ɗora kiwon lafiyar ƙasar nan kan asibitocin matakin farko. A jiharmu ta Katsina ana koyar da wannan fanni a Makarantar Fasahar Lafiya ta Sani Zangon Daura da ke Daura, da ta Kankia Iro da ke Kankiya.

Abin da iyaye ba su cika sani ba shi ne, a tsarin da aka rubuta, JCHEW zai yi mafi yawan lokacinsa a cikin al'umma, ba a asibiti ba; CHEW ma yana da rabonsa mai yawa na fita waje. Ƙarancin ma'aikata ya sa da yawa sun maƙale a ɗakin duba marasa lafiya, amma asalin aikin na fita ne. Ku dubi ranar rigakafi a rugar da ke bayan gari. Malami ya ɗaure akwatin sanyi a bayan babur tun da sassafe, da ƙanƙara a ciki, domin allurar ba ta son wuce ma'aunin sanyi 2 zuwa 8. Ya shimfiɗa rajista a gindin bishiya, mata sun jeru da goyo. Wannan jaririn mako shida ne, wancan goma, wancan sha huɗu, ga mai wata tara da za a yi wa ta ƙyanda. Ya zagaya ɗan zaren awo a damtsen wata yarinya, ya ga ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, ya san tamowa ce mai tsanani, sai ya rubuta takardar turawa. Kafin ya tashi, sai ya lallashi wani magidanci da ya ce ba za a taɓa masa ɗa ba. Wanda ba ya iya lallashi ba zai ji daɗin wannan aiki ba, ko da shi ne na ɗaya a aji.

Malamin asibiti yana duba marar lafiya, yana rubuta magani, amma bisa littafin ƙa'ida da aka horar da shi a kai, wanda ya faɗa masa inda zai tsaya ya tura gaba. Tun 2014 gwamnatin tarayya ta amince a horar da CHEW kan wasu ayyukan ungozoma da na tazarar haihuwa a wuraren da babu ungozoma. Wannan ya ƙara wa CHEW mace daraja ƙwarai. Amma ko mutanen gari sun kira shi "likita", ku iyaye kada ku taya su. Yaron da ya yarda da wannan kirari shi ne yake fara yanka a ɗakin soro.

3. In 'ya mace ce kuma sakamakonta ya cika, ni dai ungozoma zan fara ambata mata. Ba don sauƙi ba, don shi ne ya fi wuyar shiga, ya fi wuyar fita. Makarantar koyon jinya tana Katsina, ta ungozoma tana Malumfashi, kuma hukumar NMCN ce ke ba da lasisin. Tsohon tsari shekara uku ne. Sabon tsarin ND da HND shekara huɗu, ta JAMB. Bayan watannin farko akwai jarrabawar tankaɗe da rairaya, wadda ke mayar da ɗalibai da dama gida. Akwai kuma ungozomar al'umma, kwas na shekara biyu da aka tsara musamman don yarinyar karkara ta yi karatu ta koma yi wa garinsu aiki. Lasisinta bai kai na cikakkiyar ungozoma faɗi ba, amma tana iya ƙaro karatu ta cike.

Me ya sa nake fifita shi? Saboda a ƙasarmu mace da yawa ta gwammace ta haihu a ɗaki da ta kwanta gaban namiji, mijinta ma haka yake so. Duk ginin da gwamnati za ta yi, in babu mace a ɗakin haihuwa da ƙarfe biyun dare, ginin banza ne. Wannan giɓin ne ya sa aka kawo shirin tura ungozomomi karkara a 2009, shi ne kuma ya sa shirin Women for Health, da tallafin Birtaniya, ya yi aiki daga 2012 zuwa 2020 a Katsina, Kano, Jigawa, Zamfara da Yobe, yana ɗauko 'yan matan ƙauye yana ba su shekarar share fage don su cike kiredit. Ungozomar da aka kawo daga nesa takan yi shekara ta nemi canji. 'Yar gari, mai jin Hausa da Fulatanci, mai dangi a nan, ita ce ke zama.

Amma a faɗa mata gaskiya: akwai aikin dare, akwai jini, akwai ranar da za a yi iya yi uwa ko jariri ya tafi.

4. Ba kowa ne aka halitta don taɓa marar lafiya ba, kuma wannan ba aibi ba ne. Akwai ƙofofi huɗu ko biyar ga irin wannan yaro.

Ɗakin gwaji na mai natsuwa ne, wanda zai iya zama ya ƙura ido a madubin ƙara girma ba tare da ƙosawa ba. Kwas ɗin MLT shekara uku ne, a ƙarƙashin hukumar MLSCN. Aikin ya wuce tsira yatsa a ɗiga jini a jira layi biyu na zazzaɓin cizon sauro. Akwai awon yawan jini, rukunin jini kafin ƙari, gwajin majinar tarin fuka, da gwajin kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, jama'a kuma ke ƙara karɓa a ko'ina saboda sikila. Kuskuren lakabi a kwalba ɗaya na iya sa a ƙara wa mutum jinin da ba nasa ba, don haka mai garaje ya nemi wani wuri.

Ɗakin magani na mai lissafi da riƙon amana ne. Shi ma shekara uku, a ƙarƙashin PCN. Iyaye da yawa suna zaɓarsa da tunanin yaro zai buɗe babban shagon magani. A sani: famasi sai da cikakken mai digirin harhaɗa magani. Abin da mai wannan takarda zai iya nema shi ne lasisin ƙaramin kemis, wanda ke da iyakar magungunan da aka yarda ya sayar.

Masu kati, wato fannin adana bayanan lafiya da HRORBN ke kula da shi, an daɗe ana raina su. Yanzu kuwa kowane asibitin mazaɓa sai ya tura rahoton wata ta kwamfuta, kuma ƙungiyoyin agaji kullum suna neman wanda ya iya alƙaluma. Yaron da hannunsa ya faɗa a waya da kwamfuta, amma jini ke sa shi jiri, nan ne wurinsa.

Dubagari kuwa tsohon aiki ne mai tarihi. Makarantar tsafta ta Kano tun 1932 take horar da su, kakanninmu kuma suna tuna yadda ake ɓoye tulu mai tsutsa in an ji takunsa. Rijiya, mayanka, kasuwa, masai, da ɓarkewar amai da gudawa duk nasa ne. Sai dai kusan gwamnati ce kaɗai mai ɗaukarsa, don haka in ba a buɗe ɗaukar aiki ba, jira yake yi. Akwai kuma masu taimaka wa likitan haƙori, amma aikinsu ya fi samuwa a manyan asibitoci irin na Daura da Katsina.

Ba kowace makaranta ke yin kowane kwas ba. A karanta sanarwar shekarar da ake ciki, kada a dogara da abin da ɗan maƙwabci ya tarar shekara biyar da suka wuce.

5. Kafin a sayi fom, yaro ya je ya gani da idonsa. Ku nemi izinin shugaban asibitin mazaɓarku, ko wani ɗan'uwa da ke aiki a Babban Asibitin Baure, ya bar shi ya zauna gefe na 'yan kwanaki, ba tare da ya taɓa kowa ba. Ya ga ranar awon ciki, ya ga wankin gyambo, ya shaƙi warin ɗakin. In ya dawo, uwa ta tambaye shi a hankali, don ita ya fi gaya wa gaskiya. Yarinyar da ta ce, "Inna, wallahi da na ga an fasa ƙurjin nan sai da na fita waje," ta taimaki gidan, ta nuna ƙofar da za a bi. A lokacin damina kuma ana ɗaukar matasa raba maganin rigakafin zazzaɓi ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, gida-gida, wata-wata. Wanda ya yi wannan zagaye ya ɗanɗana aikin JCHEW.

6. Wajen zaɓen makaranta ne aka fi cutar talaka, don haka ku tsaya sosai. Makarantun lafiya masu zaman kansu sun yi yawa a 'yan shekarun nan, wasu nagari, wasu kuwa gida ne aka yi wa fenti aka kafa allo. Tambaya uku za ku yi, kuma a nuna muku amsa a takarda. Ta farko: hukumar lasisin wannan kwas ɗin, ba wani kwas ba, ta amince da makarantar? Makaranta na iya samun izinin CHEW amma ba ta da na ɗakin gwaji, ta ci gaba da karɓar kuɗin duka biyun. Takardar rajistar kamfani ko ta ma'aikatar jiha ba ta maye gurbin wannan. Ta biyu: ɗalibai nawa hukumar ta yarda a ɗauka, nawa kuma ke cikin aji? Kowace makaranta tana da adadin da aka ƙayyade mata, kuma waɗanda aka tura sunayensu aka ba su lamba, abin da ɗalibai ke kira indeksin, su kaɗai ke zama jarrabawar ƙasa. In aka ɗebi ninkin adadin, ragowar sai su gama karatu su zauna jiran layi shekara da shekaru. Ta uku: ina waɗanda suka gama bara da bara waccan? A nemo biyu ko uku a ji daga bakinsu ko lasisi ya zo hannu.

Mu da ke bakin iyaka akwai ƙarin jarabawa, domin Magarya da Damagaram da Maraɗi na Nijar ba su da nisa, kuma akwai makarantun lafiya a can. Takardar waje ba ta aiki a Najeriya sai an tantance ta, mai ita kuma ya ci jarrabawar hukumar lasisi ta nan. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da karɓar digirin Benin da Togo bayan an bankaɗo cinikin takardu. Wannan ya isa ya sa a yi tambaya kafin a tsallaka ko'ina.

7. Ku guji "koyon nas" a asibitin kuɗi ko bayan kantar kemis. Yarinya ta yi shekara biyu tana shara da miƙa allura, a yi walima, a ba ta takarda mai hatimin asibitin. NMCN ba ta san wannan takarda ba, gwamnati ba ta ɗaukar aiki da ita, kuma ranar da allura ta shanye ƙafar ɗan wani, mai asibitin zai ce bai san zance ba. Haka kwas ɗin wata uku ko shida da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp. Ilimin agajin gaggawa yana da amfani, amma ba lasisi ba ne.

8. Ku yi lissafin kuɗi har ƙarshe, ba na shekarar farko kaɗai ba. Bayan kuɗin makaranta akwai ɗaki, abinci, yunifom, na'urar awon jini da ta sauraren ƙirji, kuɗin indeksin, kuɗin fita aikin koyo a ƙauye da asibiti, kuɗin bincike na ƙarshe, kuɗin jarrabawar ƙasa, sannan na rantsarwa da lasisi. Shekarar ƙarshe ta fi kowace nauyi, kuma kuɗin jarrabawa ba ya jiran kaka. Gidan da ke da dabara yakan ware ɗan maraƙi ko tumaki biyu tun shekarar farko, a ce na jarrabawa ne, ko biki ya zo ba a taɓa su. Nauyin kuɗin nan na cikin abin da ya sa Daura ta fi mana sauƙi: ta hanyar Zango yaro zai zo gida ya ɗebi gero da wake ya koma. A kuma bibiyi tallafin karatu na jiha da na ƙaramar hukuma, ko ba yawa yana rage zafi.

9. Maganar aure a yi ta tun da wuri, a gaban manya. Yarinya da yawa ta kai shekara ta biyu, miji ya ce ya gaji, ko ta gama ya ce ba matarsa ba kwanan asibiti. In akwai mai nema, waliyyi ya zaunar da shi da iyayensa: karatu zai kai shekara kaza, akwai aikin dare, akwai duba maza in ta kama, akwai yiwuwar a tura ta wata mazaɓa. In ya amince, shaidu su ji. In bai amince da dare ba amma ya amince da rana, to a karkata zuwa kati, ɗakin magani ko ɗakin gwaji, inda kwana bai kai na ɗakin haihuwa yawa ba. Mai goyo kuma tana buƙatar ƙanwa ko gwaggo da za ta bi ta makaranta. Wannan ma kuɗi ne, a sa shi a lissafi.

Abin mamaki, mazan da ke hana matansu wannan karatu su ne kan gaba wajen faɗa in suka tarar da namiji a ɗakin awo.

10. Ku tambayi inda tsanin kowane kwas ya tsaya. JCHEW na hawa zuwa CHEW, CHEW zuwa CHO, wato babban jami'in lafiyar al'umma, wanda ake karantawa a asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na Malam Aminu Kano. Mai MLT na iya neman shiga aji biyu na digirin kimiyyar gwaji a jami'o'i irin Bayero ko Usmanu Ɗanfodiyo. Mai ɗakin magani da ke son zama cikakken mai harhaɗa magani sau da yawa sai ya koma ya faro daga JAMB. CHEW kuma ba ya rikiɗa ya zama nas. In nas ake so, daga farko za a fara. Mai burin aiki a Saudiyya ko Ingila ya san cewa takardar jinya da ta ungozoma ake nema a can, ita kuwa CHEW don Najeriya aka tsara ta.

Batun samun aiki, kada kowa ya yi muku rantsuwa. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa kuma ta ɗauki alkawarin asibiti mai aiki a kowace mazaɓa cikin 361 na jihar, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Daura. Buƙata tana nan. Amma ɗaukar aiki na zuwa ne jefi-jefi, kuma masu CHEW maza sun yi yawa a layi. Da yawa sukan fara da aikin sa-kai ko na wucin gadi, da ɗan abin sabulu. In za a yi sa-kai, a yi shi inda za a koyi aiki, a karɓi takardar shaida daga shugaban asibitin, a kuma sa masa wa'adi. Namiji ya riƙe gonarsa ko wata sana'ar a gefe har albashi ya fara shigowa.

11. Kafin yaro ya fara fita aikin koyo, a yi masa gwajin ciwon hanta nau'in B. In ba ya ɗauke da shi, a yi masa rigakafi: allura uku, ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Ɗalibai ne allura ta fi soka, don hannunsu bai saba ba, kuma sukan ɓoye saboda tsoron faɗa. Ku gaya masa in hakan ta faru ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya sanar da shugabansa nan take, domin maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 ake fara shi, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Katin rigakafin a ajiye shi tare da takardun makaranta, wasu wuraren aiki suna tambayarsa.